Agogo ko kunne: wa ya taɓa saita taimin ɗin injin gas a gida?

Mai Golf, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni ga masu baƙin mai a hannu. Golf 2 nake hawa mai gas, wato dizal, injin 1.6, marar turbo. Wata uku ke nan da aka canza mini bel ɗin taimin, tun daga ranar motar ta sauya hali. Da asuba sai na yi kik huɗu biyar kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta turnuƙe layinmu da farin hayaƙi, har mai ƙosan ƙofar gida ta daina amsa gaisuwata. Na koma wajen wanda ya yi aikin sau biyu. Duk zuwa sai ya sassauta notin famfo, ya tura shi da tafin hannu, ya kasa kunne, ya ɗaure, ya ce ta hau. Kwana biyu mu koma gidan jiya. Shekaranjiya na hau gadar Kwangila kamar mai jan tirela, Keke Napep na wuce ni.

Na ga ana tallar wani jan akwati a intanet, da agogon awo a ciki da ƙarafa kusan goma. Na China ne, kuɗinsa da sauƙi. Shin yana aiki ko asarar kuɗi ce? Cikin kayan nan wanne ne dole, wanne ne ado? Ni malamin makaranta ne, kun san zancen albashi, ga litar gas ta daɗe da haura naira dubu.

Baban Gareji, Muciya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe allinka ka bar mana sifana. Na fi shekara talatin ina saita famfo, ban taɓa mallakar agogo ba sai na ɗaurin hannu. Injin gas magana yake yi. In mai ya yi saurin shiga za ka ji yana ƙwanƙwasa kamar maƙera, in ya yi latti ya yi laushi yana farin hayaƙi. Wanda ya yi maka aiki kunnensa ne bai nuna ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Kawo ta in saurara.

Na Ƙofar Ruwa:
Zage-zagi ke nan, mota ma sai an yi mata karatun allo. Kawo kuɗin in aiko maka da akwatin a motar Kano ta safe, kafin azahar yana hannunka.

Mai Golf, Tudun Wada:
Bakano, ba a fara ciniki ba ka fara lissafin riba. Bari manya su gama magana.

Injiniyan Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba na ja da kunnenka. Amma bari in faɗi abin da kunne ke ƙoƙarin kamawa, don Malam ya san me zai saya. Injin gas ba shi da fulogin wuta. Iska yake matsewa, a wannan injin nasa ninki 23, har ta yi zafin da in an fesa mai zai kama da kansa. Saboda haka lokacin da famfo ya tura mai shi ne komai. Famfon da ke jikin Golf ɗin nan Bosch VE ne, kuma irin ƙirarsa ce a Toyota 2L da 3L, da Isuzu 4JB1, da Mitsubishi 4D56, ko da kamfanin da ya ƙera ya bambanta. A cikinsa akwai ɗan fistin guda ɗaya, masu gyaran injekta na ce masa fulanja, shi ke tura mai zuwa nozul huɗu bi da bi. Abin da ake aunawa shi ne nisan da fulanjan ya riga ya taso a daidai lokacin da fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa.

Nisan nan bai kai kaurin ƙwayar gero ba. A irin injin Malam ana saita shi wajen 0.90 na milimita, mai turbo kuma 1.00, kuskuren da aka yarda da shi wajen saiti 0.02 sama ko ƙasa. Gashin kan mutum ya fi 0.02 kauri. Baba zai iya kawo shi kusa da kunne, na yarda. Amma Malam da bai taɓa yi ba, ba shi da shekara talatin ɗin da zai ba kunnensa. Agogo shi ne gajeriyar hanyarsa. Ka duba lambar injinka a jikin bulo ka nemi adadinta tukuna, kada ka ɗauki nawa ka hau kai.

Baban Gareji, Muciya:
Injiniya, littafin nan naku a Jamus aka rubuta shi, da sabon injin da man gas mai tsabta. Injin Malam ya girmi wasu a zauren nan, Golf 2 tun 1992 aka daina yin ta. Famfo ya ci, nozul sun gaji, man da muke sha Allah kaɗai ya san abin da aka haɗa shi da shi. Sau nawa ake saita wa mota adadin littafi ta ƙi tashi, sai na ɗan ƙara mata ta miƙe?

Injiniyan Samaru:
Wannan gaskiya ce Baba, tsohon famfo yakan so a ɗan ƙara masa. To amma ƙari a kan me? In ka san kana kan 0.90 ka matsa zuwa 0.95, ka san inda ka baro, in bai yi ba ka koma. Mai kunne in ya wuce wuri ba shi da alamar dawowa. Kuma wucewa ta fi latti tsada, don latti hayaƙi ne da rashin ƙarfi da zafi, shi kuwa saurin da ya yi yawa gasket yake ci, wani lokaci har tof silinda ya tsage.

Shugaban Zaure:
Jama'a a koma kan tambaya. Mutum ya ce me zai saya.

Kawu Mai Tona, Sabon Gari:
Ɗana, saurara. Akwatin nan na gan shi a hannun mutum uku. Rabin abin da ke ciki ba na motarka ba ne, an tara ne don akwati ya yi nauyi. Abu huɗu kake bukata, biyu daga ciki ma suna cikin tarkacen gidanka.

Na farko farantin kulle kamshaf. In ka cire murfin bawul, a ƙarshen kamshaf ta wajen giya akwai tsaga. Ƙarfe shimfiɗaɗɗe ake zura mata ya kwanta a kan tof silinda hagu da dama. Tsohon fayil na goge ƙarfe yana yi, ko guntun falatba da aka goge ya shiga cif. In da ɗan sarari sai ka cike da fila geji, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara, daidai wa daida ta kowane gefe. Na biyu fin ɗin da ke kulle fulin famfo, wani rami ne a fulin da ke haɗuwa da rami a bayansa. Doguwar soket da ta shiga ba ta rawa ta wadatar, ko ka kawo guntun rodi in tone maka a injin sassaƙa ƙarfe cikin minti goma. Waɗannan biyun kada ka ba kowa kuɗi a kansu.

Na uku adafta, wato bututun da ake ɗaurawa a bayan famfo, tsakiyar inda fayif huɗu suka fito. Akwai noti a wurin mai kan sifana 12, shi ake cirewa. Zaren ramin siriri ne, 8 da tazarar 1, ba irin zaren notin kasuwa ba ne mai tazarar 1.25. Wanda ya tura notin kasuwa da ƙarfi ya kashe kan famfo, kuma kan famfo ya fi akwatin nan goma tsada. Adafta kam ka saya ko a tone maka, amma a zo mini da notin in auna, ba na aiki da "kamar haka yake".

Na huɗu agogon. A nan ne kuɗinka zai tafi, kuma nan ne bai kamata ka yi ƙoro ba.

Mai Golf, Tudun Wada:
Kawu, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji nauyin aljihuna ya dawo. To agogon fa, dole sai Mitutoyo ɗin nan na Japan da nake gani ana yabo? Na tambayi kuɗinsa na rufe wayar.

Na Ƙofar Ruwa:
Tsakani da Allah, ban da wasa: rabin abin da ake rubuta wa sunan nan a kasuwa bai taɓa ganin Japan ba. Gara ka sayi na China da ya amsa sunansa na China, da ka biya kuɗin Japan a ba ka na China da rigar aro. Mu da muke cikin kasuwa mun sani. In kana son na asali da sauƙi sai a cikin kayan gwanjo, irin waɗanda ake sauke wa masu tona, Panteka a Kaduna ko nan wajenmu. Amma sa'a ce, ba kullum ba.

Injiniyan Samaru:
Na China ya isa wannan aiki, muddin ka gwada shi kafin ka biya. Ka je shago da fila geji a aljihu. Ka duba fuskar agogon an rubuta 0.01mm, wato kowane layi ɗaya cikin ɗari na milimita, zagaye guda milimita ɗaya. Ka danna tsinken da yatsa a hankali ka sake, sau goma. In yana sarƙewa a hanya, ko allura ba ta komawa inda ta taso, ajiye musu kayansu. Sannan a ɗaure shi a wani abu tsayayye, tsinken ya taɓa gilashi ko ƙarfe mai santsi, ka mayar da shi sifili, ka zura fila ta 0.50 a ƙarƙashi, ka zura ta 1.00. In ya karanta daidai ko ya kauce da layi ɗaya, ya yi. Ai ba jirgin saman makarantar koyon tuƙi ta Palladan za ka gyara ba.

Abu biyu kuma. Wuyan agogon ya zama milimita 8, don shi adafta ke kamawa. Kuma in ka samu mai ƙaramar fuska ka fi jin daɗi, saboda wurin matsattse ne, fayif ta ko'ina.

Ɗan Wusasa:
Maganar rubutun fuskar nan kada a wuce ta da sauri, ni ta ci. Bara na tsinci agogo mai kyau a kayan gwanjon Amurka, har da akwatinsa na katako, na ce na yi tsuntuwa. Wuyansa ya fi adaftata kauri, maimakon in tsaya in yi tunani sai na kai aka buɗe ramin. Na ɗaura, aka ce mini 90, na shiga tura famfo ina jiran allura ta kai 90. Na tura har ramin noti ya ƙare tana wajen hamsin da wani abu. Na ce to iyakarta ke nan, na ɗaure na tayar. Ƙarar da ta yi, matata ta fito da gudu ba ko mayafi, ta ɗauka janareton maƙwabta ne ya fashe. Ashe agogon na inci ne, kowane layi 0.001 na inci, wato 0.0254 na milimita. Inda ya kamata in tsaya layi 35 ne. Allah ya rufa asiri na kashe da wuri.

Baban Gareji, Muciya:
To ga ɗan agogo nan. Da kunne ya yi da bai kai nan ba.

Ɗan Wusasa:
Baba ai kunnen ne ya cece ni daga ƙarshe, ban musa ba.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ba mota gare ni ba, injin niƙa ne irin na China mai silinda ɗaya da tankin ruwa a kai. Tun da yaron da ke kula da shi ya cire famfo ya wanke ya mayar, sai an wahala wajen wani kafin ya tashi, kuma wani lokaci hannun wanin yana dukan baya. Ni ma agogon zan saya?

Kawu Mai Tona, Sabon Gari:
A'a Hajiya, ki adana kuɗinki. Naki ba a juya famfo, wasu siraran faranti ne a ƙarƙashinsa, tsakaninsa da jikin injin. In an rage su mai ya shiga da wuri, in an ƙara ya yi latti. Dukan bayan nan alamar ya yi wuri ne. Ki tambayi yaron faranti nawa ya tarar, nawa ya mayar. Na rantse ɗaya yana cikin garin masara ko ya manne a tsummansa.

Injiniyan Samaru:
Ƙari a kan maganar Kawu: faranti mai kaurin 0.1 na milimita yana matsar da taimin wajen digiri ɗaya, don haka rasa biyu uku ba wasa ba ne. Gwajin kuma ba ya cin ko sisi. A kwance fayif daga kan famfo, a buɗe totur, a riƙa juya fulawil da hannu sannu a hankali ana kallon bakin da mai ke fitowa. Da zarar man ya motsa ya fara tasowa a tsaya, a duba layin da ke jikin fulawil ko ya yi daidai da alamar da ke jikin tankin ruwa. Kuma a gaya wa yaron kada ya kuskura ya tara hannu a gaban nozul yana fesawa, man yana huda fata.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu:
Na tambaye shi. Ya ce wai ya ga wata 'yar takarda ta yage ya yar. Allah ya shirya. Na gode ƙwarai.

Direban 911, Ɗan Magaji:
Mu manyan motoci dariya muke in mun ji ana zancen akwati. Famfonmu dogo ne, kowace silinda da fulanjanta a jere. Tsohon fayif na nozul ake yankewa a lanƙwasa shi kamar wuyan agwagwa, a ɗaura a kan na ɗaya bayan an zare bawul ɗin ciki. Yaro na buga famfon hannu mai na zuba, kai kana juya injin. Inda zubar ta koma ɗigo ɗaya-ɗaya, nan ne mai ke fara shiga, sai ka duba maki. Kayan aikin gaba ɗaya bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Injiniyan Samaru:
Haka ne Oga, tsofaffin Marsandi 240D da 300D ma haka ake musu, a digiri 24 kafin ƙololuwa. Amma wannan na dogon famfo ne, Malam kada ya gwada a nasa. Masu Fijo mai injin XUD su ma sun huta ta wajen kulli: bit ɗin dirila mai milimita 8 a ramin fulawil ta bayan kik, noti mai zare 8 guda a fulin kamshaf, biyu a fulin famfo, shi ke nan bel ya zauna.

Mai Sharon, Tashar Kaduna:
Ni tawa 1.9 TDI ce. Wani ya ce in sayi fitilar taimin irin wadda ake haska fuli da ita. Gaskiya ne?

Injiniyan Samaru:
Kada ka saya. Fitilar nan daga wayar fulogi take ɗaukar sigina, injin gas kuwa ba shi da ita. Akwai wani maƙali da ake ɗaura wa fayif ya ji bugun mai ya ba fitila, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mai mota ɗaya. Taka ma ba ta agogo ba ce. In tsohuwar TDI ce mai famfo da fayif huɗu, kwamfutar motar ce ke faɗin inda taimin yake, sai a haɗa ta da laftof ta wayar KKL da manhajar VCDS, injin na aiki da zafinsa, ana kallo ana gyarawa. In kuwa irin sababbin nan ne kamar Hilux D-4D, babu abin da za ka juya, kwamfuta ce ke buɗe nozul. Gargaɗi ɗaya: babban notin da ke tsakiyar fulin famfon TDI kada ka bari kowa ya taɓa shi.

Mai Sharon, Tashar Kaduna:
An riga an taɓa.

Na Ƙofar Ruwa:
Innalillahi. Ka buɗe naka zancen daban, wannan doguwar jinya ce.

Ɗan Wusasa:
Shawara: tunda agogon nan sau ɗaya ake bukatarsa a shekara biyu ko uku, me zai hana mu yi karo-karo mu sayi mai kyau guda, a ajiye wajen Shugaba, mai bukata ya karɓa?

Shugaban Zaure:
Ba a wajena ba. Sifanar awon ɗauri da muka saya da karo-karo tana ina yanzu? Wanda ya karɓa ya ce ya ba wani, wanin ya koma Funtuwa. Agogo kuma ba guduma ba ne, faɗuwa ɗaya daga kan bonet ya gama aiki, kuma ba wanda zai ce shi ya yar.

Kawu Mai Tona, Sabon Gari:
Ni dokata a shago, agogo ba ya kwana a waje. Mai so ya zo da mota a auna a gabana.

Mai Golf, Tudun Wada:
Na yanke shawara. Ba zan sayi akwatin ba. Gobe in an tashi makaranta zan shiga Sabon Gari da fila geji, in na samu agogon da ya ci jarrabawa in biya ta wajen Kawu da notin. Injiniya, don Allah jero mini yadda ake yi, in kwafa a takarda.

Injiniyan Samaru:
To. Injin ya huce, ka cire kan batir. Kafin komai ka wanke bayan famfo da burushi da ɗan gas ka share, kuma kada ka yi aikin a fili da wannan hazo, ƙurar hunturu in ta shiga ramin nan yashi ce a cikin famfo. Shiga zaure ko ka rufa da buhu.

Ka tura maɓallin sanyi da ke gefen sitiyari ciki gaba ɗaya, in yana waje yana ƙara taimin, awonka zai yi ƙarya. Ka cire robar da ke saman gidan kuloc, ka juya injin da sifana ta notin kiranshaf har alamar sifili ta fulawil ta zo kan tsinin. Ka tabbata farantin kamshaf yana shiga, fin ɗin famfo ma yana shiga. In ɗayansu ya ƙi, bel ne ya tsallake haƙori, agogo ba zai gyara wannan ba. In sun shiga, ka zare su duka biyu, kada ka manta.

Sai ka cire notin tsakiya, ka kula da 'yar washar jan ƙarfe da ke jikinsa. Ɗaura adafta, zura agogo har ya danne kamar milimita biyu, ka ɗaure. Juya injin baya a hankali, allura za ta riƙa sauka, har ta tsaya cak ko kana ci gaba da juyi. Nan ne fulanja ya zauna ƙasa, ka mayar da fuskar sifili. Sai ka juya gaba har alamar fulawil ta dawo. Abin da allura ta nuna shi ne taimin ɗinka. In ka wuce alamar kada ka ɗan komo da baya, koma can ka sake tahowa.

In gyara ya kama, noti huɗu ke riƙe da famfo, uku a gaba, ɗaya a baya can ƙasa wanda kowa ke mantawa. Ka sassauta su, ka sassauta fayif da sifana 17 don kada su ja famfon su mayar. Tura saman famfo wajen injin ƙari ne, janyo shi wajen lagireto ragi. Ka ɗaure, ka juya injin zagaye biyu da hannu, ka sake aunawa, don ɗauri kansa yana motsa allura.

Baban Gareji, Muciya:
Tunda ka nace, ga nawa da ba ya cikin littafi. In ta kai ka ga kwance fulin kamshaf, kada ka bar farantin nan a ciki ka ce shi zai riƙe maka. Tsagar za ta ɓalle, ka sayi kamshaf. Fulin ba shi da ki, matsewa kawai ke riƙe shi, don haka ɗaurinsa ba na wasa ba ne. Kuma kada ka taɓa kik da agogo a jiki.

Injiniyan Samaru:
Yana cikin littafi Baba, 45 Nm ne awon ɗaurin notin a sifanar awo. Amma yadda ka faɗa ya fi shiga kai.

Mai Golf, Tudun Wada:
Salam jama'a, bayan kwana tara ga rahoto. Shago uku na shiga. A na farko mai shagon ya hana ni gwadawa, wai in na buɗe leda na saya, na yi masa sallama. A na biyu agogo biyu na gwada, ɗaya allurarsa tana tsayawa a layi uku maimakon sifili duk lokacin da na sake, ɗayan ya karanta fila ta 0.50 daidai, ta 1.00 kuma ya ƙara rabin layi. Shi na ɗauka. Na ukun na shiga ne kawai don in ji ko an cuce ni a farashi, ba a cuce ni ba. Kawu ya tone mini adafta da fin, ya ƙi karɓar kuɗin fin ɗin. Duka abin da na kashe bai kai rabin kuɗin akwatin ba.

Ranar Asabar na tura motar cikin zaure, ɗana na riƙe tocila. Awon farko na samu 0.80 na fara murna, sai yaron ya ce Baba wancan abin da aka ce a tura fa? Maɓallin sanyi yana waje. Na tura na sake, 0.68. Na sake sau uku don kada in zalunci bawan Allah, 0.68. Notin baya na ƙasa kuwa ashe tun ranar da aka canza bel ba a ɗaure shi ba, da yatsa na juya shi. Ina jin shi ya sa duk saitin da aka yi ba ya kwana biyu. Na kai shi 0.90, da na ɗaure ya koma 0.87, na sake sassautawa, a karo na uku ya zauna. Washar jan ƙarfen ta faɗi cikin yashi, mun yi rabin awa muna tankaɗe ƙasa da rariyar uwargida, wannan shari'ar ba a gama ta ba tukuna.

Ƙarfi ya dawo, jiya na hau gadar Kwangila a giya huɗu. Hayaƙi ya ragu sosai. Amma da asuba har yanzu sai kik biyu, kuma tana ɗan rawa na minti ɗaya.

Baban Gareji, Muciya:
Hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a yi kik. Tun ranar farko na so in faɗa, na ga kun ɗauki zafi da agogo. Da wannan sanyin na Zariya injin nan ba ya tashi sai hita huɗu sun yi ja. Cire ƙarfen da ya haɗa su, ka sa fitilar gwaji daga kan batir mai jan waya zuwa kan kowace. Wadda fitila ba ta kama a kanta ba ta mutu. Ka duba fis ɗinsu ma, wani siririn ƙarfe ne, yakan tsage ba a gani.

Mai Golf, Tudun Wada:
Baba, ranka ya daɗe. Biyu sun mutu, ta biyu da ta huɗu. Na canza, yau kik ɗaya. Mai ƙosai har da ƙarin biyu ta ba ni.

Na Ƙofar Ruwa:
Ni dai an hana ni ciniki. Allah ya isa tsakanina da Kawu.

Baban Gareji, Muciya:
Malam, ranar Asabar mai zuwa in ba ka da ɗaurin aure ka biyo ta gareji da agogon nan. Akwai wata Hiace mai 3L da na saita jiya. Ba don ni ba, yaran nan nake so su gani. In ya saɓa da kunnena da abin da ya wuce layi biyar, shayin kowa a kaina.

Injiniyan Samaru:
Zan zo da adadin 3L a rubuce, kada a ce an yi maguɗi. Baba ka tuna nata na'urar sanyin da kanta take aiki, sai an saka mata ƙarfe an sake ta kafin a auna.

Kawu Mai Tona, Sabon Gari:
Kafin ku ɗaura adaftata a famfon wani, a aiko yaro da notin Hiace ɗin in duba zaren. Ina shago har la'asar.